Buhu Mai Hoton Tunku

A Gangara in ka ce kana neman Sammani sai an tambaye ka wanne, don akwai mai facin taya, akwai kuma ladanin masallacin yamma. Amma in ka ce Sammani Mai Tunku, ko yarinyar da ke tallar ƙuli za ta nuna maka gidan, ta ƙara maka da cewa ba sai ka sake tambayar kowa ba, hancinka zai kai ka. Gaskiya ta faɗa. Tunku dabba ne mai wari, kuma wanda ya tashi tun yana yaro da shi a kafaɗa, babu sabulun da zai raba su.

Sana'ar Sammani ba ta da suna, don shi kaɗai ke yin ta. In kaka ta gabato, kowane magidanci kan share rumbunsa kafin a zuba sabbin dammai. To, shara ba ta korar ɓera, wanda a can kusu ake ce masa. Yana nan a ramukansa ƙarƙashin duwatsun da rumbu ke zaune a kai, yana jiran a gama wahala ya fito ya ci rabonsa. Nan ne ake aika wa Sammani. Zai zo da kejin geza rataye a kafaɗa, da ƙwaryar laka a hannu. Ya zagaya rumbun a tsugune, ya toshe kowane rami, ya bar biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. A bakin na fitar masu gida ke tsayawa da sanduna. Sannan ya buɗe keji, ya yi wani ɗan tsaki da shi da dabbarsa kaɗai suka san ma'anarsa, tunku ya sulale cikin rami. Abin da ke biyo baya sai wanda ya gani: ɓeraye na tsalle suna neman mafita, maza na sheƙa wa juna sanda a ƙafa, mata na tattare zane suna ihu. Wani lokaci har maciji kan fito. In an gama ya sake tsakin nan, tunku ya fito da ƙasa a hanci, ya karɓi tsokar namansa ya koma keji. Ladan Sammani kuwa dami ne, in an yi girbi.

Ubansa Abdurra'uf ne ya fara. Maharbi ne da ya gaji da harbi, wata rana ya dawo daga daji da 'ya'yan tunku biyu a cikin hularsa. Gari ya ɗauki surutu. Kowa ya san abin da ke tsakanin tunku da kaza, kuma kowane gida akwai akurki. Aka kai magana gaban mai garin wancan zamani, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan sharaɗi guda: Abdurra'uf ya riƙe dabbobinsa, amma ranar da ɗaya daga cikinsu ya taɓa kazar wani, ranar sun bar gari, su da duk zuri'arsu. Mutane suka watse suna cewa a ba shi mako guda. Mako ya zama shekara, Abdurra'uf ya tsufa ya rasu, aka yi sabon mai gari, ba a taɓa samun ko gashin kaza a bakin tunkunsa ba.

Ba asiri ba ne, ko da yake da yawa sun fi son su ce asiri ne. Abin da tsohon ya koya wa ɗansa bai wuce magana ɗaya ba: tunku ba ya cin kaza don mugunta, yunwa ke sa shi, kuma yunwar tunku nama kaɗai ke kashe ta. Ka cika masa ciki da tuwo, ka ciyar da iska. Saboda haka rayuwar Sammani duk a neman nama ta tafi. Da hantsi yana daji da jakar fata, yana kama fara da ƙadangare, yana tono gyare. Da damina kwaɗi, da bazara ƙwan zabin daji. Ranar kasuwa yana bayan rumfar mahauta yana jiran huhu da tumbi. Mutum ne mai gona, amma gonarsa ita ce ta ƙarshen samun noma kowace shekara, don kafin ya ɗauki kwashe sai ya tabbata cikin keji an ƙoshi.

Ba mai yawan magana ba ne. A sahun salla akan sami ɗan fili hagu da damansa, bai taɓa nuna ya lura ba. Matarsa Luba, wadda bakinta ya ishe su su biyu, takan ce ita kam ta san abin da ta aura, don ranar da ya fara zuwa zance ma da keji ya zo. 'Ya'yansu sun girma sun watse, mazan suna ci-rani a kudu, macen tana aure a Isa. Babu wanda ya nuna sha'awar gadon keji, Sammani kuma bai roƙi kowa ba.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda kowa a ƙasar Gobir ya san su ba sai an ba shi labari ba. Daji ya zama na masu bindiga. Gonakin nesa suka koma saura, mutum ba ya wuce inda zai iya jin kiran salla daga gari. Dajin da Sammani ke samun ƙwan zabi ya fita daga hannunsa. Shanu suka yi ƙaranci, mahauta suka rage yanka, kayan cikin da a da ake ba shi don Allah yanzu mutane ke rububinsu don miya. A gonakin kusa kuma feshi ya yawaita, fara ta zama abin tsoro. Dabbobinsa biyu suka mutu rana ɗaya bayan sun ci ɓeran da ya ci guba a gidan wani da bai faɗa masa ya sa magani ba. Wani tunkun ya mutu don tsufa. Aka wayi gari saura mace guda, ƙaramarsu, wadda yake kira Auta.

Duk abin da ya rage wa Sammani na ubansa, da na sunansa a gari, yana cikin kejin nan. Ya san haka, kuma ya san sharaɗin nan na nan bai mutu ba. Sai ya shiga bin bangayen gari yana farautar ƙadangare da danƙo, tsoho da furfura, gwiwoyi na ƙara. Wata rana a samu, wata rana a kwana da rabin ciki.

Ana cikin haka wata ranar kasuwar Sabon Birni, yana wucewa ta layin masu dusa, sai ya ji an kwaɗa masa kira. Alhassan ne, mai sayar da abincin dabbobi, dusa da ƙaiƙayi da abincin kaji da na kifi, wanda kan shigo da kaya daga wajen Maraɗi.

"Baba Sammani! Taho ka ga ɗan'uwanka, ga shi an buga hotonai."

Ya jawo wani buhu daga bayan rumfa. Ba irin buhunan da aka saba gani ba ne. Mai kauri ne, mai santsi, cikinsa na walƙiya, jikinsa duk rubutun Faransanci. A tsakiya ga hoton wata dabba mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, ta ɗaga kai tana kallon mai kallonta. Fuskarta fara ce da baƙi a zagayen ido, in ban da wannan, Auta ce sak.

Sammani ya daɗe a tsugune gaban buhun. Alhassan ya ce cikin kayan wani kanti da aka rufe a can ƙetare ya samo shi, kantin da ke sayar wa Turawa abincin karnuka da kyanwoyi. Ya farke bakin, ga ƙwayoyi ƙanana masu ruwan ƙasa, masu maiƙo, suna ƙamshi kamar ƙasan tukunyar soye. Abin da ya tsaya wa Sammani a rai shi ne, ashe akwai wata ƙasa a duniyar nan inda mai tunku ba abin dariya ba ne, har wasu ke zama a masana'anta su dafa wa dabbarsa abinci su buga hotonta a kai. Ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ji kamar an wanke shi. Ya ce a auna masa rabin tiya.

Auta ta shinshina, ta ja baya, ta dawo, ta ci. Kafin wata ya zagayo gashinta ya kwanta yana sheƙi, wuyanta ya cika. A rumbu kuwa kamar an ɗaura mata inji. Sammani ya rataye danƙo. Gwiwoyinsa suka huta, gonarsa ta sami noma a kan kari karon farko tun yana saurayi. Duk ranar kasuwa ya hau bayan ɗan kabu-kabu ya je layin masu dusa, ya ce, "Auna min na buhun tunku." Alhassan ya auna.

To, buhu dai buhu ne, yana da gindi. Wata rana abin da ke ciki ya ƙare. Shi kuwa Alhassan, kamar kowane ɗan kasuwa mai hankali, ba zai jefar da buhu mai kauri wanda raɓa ba ta ratsa shi ba. Yana da wani abincin zomaye da ya kawo, wanda buhunsa ya yage a mota. Ƙwayoyin girmansu ɗaya da na da, launi ma kusan ɗaya. Ya juye shi a buhun mai hoto, ya naɗe baki, ya ci gaba da harkarsa. Bai ji a ransa ya yi wani abu ba.

Kafin a yi saurin zaginsa, a tuna yadda kasuwa take. A nan buhun taki shinkafa ke ciki, buhun siminti gawayi, jarkar man inji ruwan sha, kwalbar lemo man gyaɗa. Babu wanda ya taɓa ɗaukar rubutun jikin mazubi a matsayin alkawari. Mai saye kan tura hannu har gwiwa, ya ɗebo daga ƙasa, ya murza, ya shinshina, in ta kama ya tauna. Ba a cinikin biri a sama. Sammani kansa ko gishiri zai saya sai ya lasa. Amma wannan buhu ɗaya tak bai taɓa tura wa hannu ba, don yana ganin wanda ya san kamannin tunku har ya zana shi, ya fi shi sanin abin da tunku ke ci. Ya dai ji ƙamshin ya sauya, ya faɗa. Alhassan ya ce, "Dut ɗaya na, Baba." Sammani ya karɓi ledarsa ya tafi.

Auta ta ƙi ci kwana biyu. Da yunwa ta ci ƙarfinta ta ci. Tana ci cikinta na kumbura, jikinta na zubewa. Gashin nan mai sheƙi ya tashi ya yi buzu-buzu, ƙashin bayanta ya fito. Sammani ya ga rama, sai ya ƙara mata awo. Da ramar ta ƙaru ya sake ƙarawa, ya jiƙa mata saiwar da ubansa kan ba su in suna da tsutsar ciki.

Luba ce ta fara lura da idon. Tana sheƙar gero a tsakar gida, kajin maƙwabta na shigowa tsince, ta ga Auta ta manna hanci jikin geza ba ta ko ƙiftawa.

"Malam, ɗiyar ga taka ta hwara kallon kaji."

"Ba ta kallon kaji."

"To ni taka kallo? Ruwa ba su tsami banza. Ka koma ga ƙadangarunka."

"Abincin da anka yi don ita taka ci, da hotonta bisa. Mi ƙadangare za shi ƙara mata?"

Luba ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da sheƙa. Ba da jimawa ba aka kira shi share wani rumbu. Auta ta shiga rami, ɓeraye biyu suka fito, sai shiru. Ya yi tsaki, ya sake, ya sake. Sai da rana ta take tsaka ta fito, baki duk jini, ta cinye na farkon da ta kama a can ciki ta kwanta a kansa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ƙin amsa kira ba. Mai rumbun ya yi dariya ya ce ta fara girman kai. Sammani bai yi dariya ba, amma bai gane ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, yana gona, Luba ta tafi gidan suna. Auta ta ci geza har ta yi kafar da kanta zai wuce. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Gwaggo Fatu, tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda awakinta suka tafi tare da garken gari ranar da masu bindiga suka kore shi. Abin da ya rage mata kaji ne, cikinsu har da wata ja mai kwanci. Jar nan ce Auta ta samu.

Gwaggo Fatu ba ta yi kururuwa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Da Sammani ya dawo ya tarar da ita zaune a ƙofar zaurensa, ragowar kazar a kan faifai, ƙwayayen da suka yi sanyi a gefen zanenta. Auta kuwa ta koma keji da kanta ta kafar da ta fita, tana barci irin wanda ta daɗe ba ta yi ba.

"Sammani, ga aikin ɗiyarka."

Ya duba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Kafin la'asar magana ta kai gidan mai gari. Mai gari, jikan wanda aka yi sharaɗin a gabansa, ya ce magana zarar bunu ce, abin da kakansa ya yanke ba shi zai mayar ba. Amma ya ba Sammani zuwa bayan kasuwa ya san inda zai kai ta.

Sammani ya ƙudura a ransa cewa ciwo ne. In ciwo ne ya taɓa mata kai, akwai magani, akwai kuma abin da zai faɗa a gaban mai gari. Ranar kasuwa ya ɗaure kafar keji da waya, ya ƙulla ƙwayoyin a leda, ya nufi wurin malamin dabbobi a Sabon Birni, wani matashi mai suna Abdulgani, wanda ya fi sabawa da tumaki da kaji. Abdulgani ya sa safar hannu ya shafa haƙarƙarin Auta, ya duba dasashinta, ya tambayi abin da take ci. Da aka ba shi ledar ya zuba kaɗan a kofi, ya ɗiga ruwa, ya jira suka jiƙa, ya murje su a tafin hannu. Ya miƙa wa Sammani tafin. Ga ɓarzajjen masara, ga dusa, ga ɗan koren ganye.

"Baba, lahiyarta lau. Yunwa ta. Wanga abincin masu cin haki na."

Sammani ya ce ba zai yiwu ba, akwai hoto. Abdulgani ya ce a je ya ga hoton.

A layin masu dusa Abdulgani ya juya buhun ya sami wani ɗan gida mai ƙananan rubutu a baya, ya haska shi da wayarsa ta mayar masa da Faransancin. Ya karanta: naman kaza, kitsen kaza, ƙwai, kifi. Ya yi wa Sammani bayani a hankali. Dabbar da ke hoton ba tunku ba ce, wata ce ta ƙasashen sanyi da ake kiwo a ɗaka, amma ita ma hanjinta gajere ne, hatsi wucewa yake yi bai bar mata komai ba, don haka abin da aka zuba a buhun tun asali ya dace da Auta. Doka kuma ta ce duk mai haɗa abincin dabba ya rubuta abin da ya sa, wanda ya fi yawa a farko, da ranar da zai lalace, da lambar rajista, in ya yi ƙarya a kama shi. Sai dai wannan duk a kan buhun da ba a farke ba ne. Da zarar an yanke baki an fara awo da tiya, rubutun ya gama shaidarsa.

Alhassan na tsaye yana saurare, hannu a ƙugu, fuskarsa ba alamar laifi.

"Ni ban ce mai nama na ba. Shi ka cewa in auna mai na buhun tunku, kuma na buhun tunku ni ka auna mai." Ya juyo ga Sammani, muryarsa ta sauka. "Baba, don Allah, kai da ko barkono sai ka ɗanɗana, mi hana ka sa hannu?"

Da Alhassan ya yi musu ko ya yi rantsuwa, da Sammani ya sami wanda zai yi fushi da shi. Amma tambayar daidai take, kuma shi ma ita yake yi wa kansa tun daga ofishin Abdulgani. Alhassan ya aika aka sayo huhu a wurin mahauta, ya ba Auta da hannunsa, ya ce a yafe masa in akwai nasa a ciki. Daga nan wani mai sayen dusa ya zo, ya juya wurinsa.

Kashegari da hantsi aka zauna a ƙofar mai gari. Sammani ya faɗi abin da ya gano, ba ƙari ba ragi, har da cewa Luba ta gargaɗe shi bai ji ba. Mutane suka yi ta jinjina kai. Abin da bai zata ba, kusan kowa na bayansa. Gero ya nuna, rumbuna na jiran shara, kuma waɗanda suka gwada guba sun ga yadda take kashe musu kaji fiye da yadda tunku zai yi. Gwaggo Fatu ta aiko daga cikin gida cewa ita ta yafe, dabba ba ta da alhaki, a bar wa bawan Allah abinsa. Wani dattijo ya ce ai sharaɗin da aka yi a kan tunku mai ɓarna ne, ba a kan wanda aka hana wa abinci ba.

Mai gari ya saurari kowa. Sannan ya ce shi ma ba ya son ya zama wanda sana'ar nan ta mutu a hannunsa. Tambaya ɗaya zai yi.

"Sammani, tsakaninka da Allah. Kana iya ciyar da ita nama kullum, kamar yadda tsohonka yay yi? In kac ce kana iyawa, ta zauna, ni na ɗauki nauyin maganar."

An buɗe masa ƙofa, abin da ya rage ya ce i. Babu wanda zai bi shi gida ya duba. Sammani ya sunkuyar da kai yana lissafin abin da ya sani. Dajin ƙwan zabi ba nasa ba ne yanzu. Huhu sai ranar kasuwa, shi ma in an yi yanka. Ƙadangarun bangon gari ya kusa ƙarar da su tun bara, kuma gwiwar da zai bi su da ita ta ƙare. Buhu na gaskiya ba zai sake zuwa ba, in ma ya zo ba zai san na gaskiya ba ne sai ya ga jikinta. Ya kuma san abin da ubansa bai taɓa buƙatar faɗa ba, cewa yanzu Auta ta san hanyar akurki. Yana son dabbar nan fiye da yadda ya taɓa faɗa wa kowa.

"Ranka shi daɗe, ba ni iyawa."

Wani ya ce ya sake tunani. Ya ce ya yi. Mai gari ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, aka shafa fatiha.

Sammani bai bari rana ta yi zafi ba. Ya ba Auta ragowar huhun jiya ta cinye, ya rataya keji, ya bi ta gonakin kusa har inda noma ya ƙare, ya ƙara gaba kaɗan zuwa bakin fadama, iyakar inda mai hankali ke kaiwa a shekarun nan. Akwai kwaɗi a wurin, akwai ramukan gafiya. Ya kwance wayar, ya buɗe murfi. Auta ta fito ta shinshina ƙasa, ta shiga ciyawa, ta fito, ta tsaya tana jiran a nuna mata ramin da za ta shiga. A keji aka haife ta, uwarta ma haka.

Ya juya ya kama hanya. Bai yi nisa ba ya ji motsi a bayansa. Tana biye, da ɗan gudunta na mai gajerun ƙafafu. Ya tsaya ya daka mata tsawa, ta tsaya. Ya ci gaba, ta ci gaba. Ya mayar da ita bakin ruwa, ya ajiye, ya yi sauri, ta riga shi hawowa kan turba. Sai ya sunkuya ya ɗauki hoge ya jefa gefenta. Ta matsa ta dawo. Ya sake jefawa. Na ukun ya same ta a kwiɓi. Ta yi wata 'yar ƙara, ta dube shi, ta shige ciyawa, ba ta sake fitowa ba.

Da ya iso gida Luba na bakin murhu. Ta dubi kafaɗarsa, ta dubi fuskarsa, karon farko a zamansu ba ta ce komai ba. Ta zuba masa ruwa a buta.

Sammani na nan da ransa. Ya koma noma sosai, kuma in ana neman wanda ya san inda ɓera ke haƙa rami a gindin rumbu har yanzu shi ake kira, ya zo ya nuna, masu gida su zuba abin da za su zuba. Sunan bai bar shi ba, warin ne ya tafi a hankali, har sahun salla ya matso. Ba ya ba da labarin Auta. In wani baƙo ya matsa masa, ba ya maganar buhu, ba ya maganar Alhassan ko kazar Gwaggo Fatu. Abin da kawai yake cewa shi ne, hogen nan na uku, gefe ya so ya jefa shi.